Ishaku Niyuton, Mutumin da Ya Raba Nauyi da Yawan Jiki

A ran 25 ga Disamba, 1642, bisa ga lissafin kwanakin da Ingila take bi a zamanin nan, aka haifi wani yaro a ƙauyen Woolsthorpe, cikin lardin Lincolnshire. Bisa ga lissafin da muke bi yanzu, ranar ta faɗo 4 ga Janairu, 1643. Bakwaini ne, ƙanƙane ƙwarai, har mutanen gidan ba su sa rai zai kwana ba. Ubansa manomi ne mai gonaki da tumaki, wanda bai iya rubuta ko sunansa ba, ya kuwa rasu wata uku kafin haihuwar. Aka sa wa jaririn sunan uban, Ishaku Niyuton. Wannan jariri ya rayu shekara 84, shi ne kuma ya koya wa duniya yadda za a auna abin da ba ya hawa sikeli, har rana da wata.

Ƙuruciyarsa

Sa'ad da yaron ya kai shekara uku, uwarsa Hannatu ta sake aure. Mijin wani tsohon fasto ne mai dukiya, sunansa Barnaba Smith, a wani ƙauye kusa. Ta tare a gidansa, ta bar ɗanta a hannun kakarsa. Wannan rabuwa ta yi wa yaron ciwo wanda bai warke da sauri ba. Sa'ad da yake ɗan shekara 19 ya rubuta jerin zunubansa a cikin wani ɗan littafi, da rubutun ɓoye, a ciki kuwa har da cewa ya taɓa yi wa uwarsa da mijinta barazana zai ƙone gida a kansu. Mijin ya mutu a 1653, uwar ta komo da 'ya'ya uku da ta haifa a can.

Da ya kai wajen shekara 12 aka sa shi makaranta a garin Grantham, ya sauka a gidan wani mai haɗa magunguna. Ba shi da abokai da yawa, gama ya fi son zama shi kaɗai da aikin hannu. Ya ƙera ɗan injin niƙa wanda iska ke juyawa, ya yi agogon ruwa, ya zana agogon inuwa a jikin bango har yakan faɗi lokaci da duban inuwa kawai.

Wajen 1659 uwarsa ta fitar da shi daga makaranta domin ya riƙe gonar ubansa. Aikin bai karɓe shi ba. In aka aike shi kiwo sai ya zauna gindin shinge da littafi, tumaki su faɗa gonar maƙwabta, har kotun ƙauye ta ci shi tara. Mutum biyu suka tsaya masa. Ɗaya shi ne shugaban makarantar, Henry Stokes, wanda ya roƙi uwar ta mai da shi, ya kuma ce zai yafe mata kuɗin makaranta. Na biyun kawunsa ne, William Ayscough, wanda ya yi karatu a Kambirij. Uwar ta yarda. A watan Yuni, 1661, Niyuton ya shiga Kwalejin Triniti ta Jami'ar Kambirij, cikin sahun ɗaliban da suke yi wa waɗansu hidima domin a rage musu kuɗin karatu.

Shekarun Annoba

A Kambirij ana koyar da tsofaffin littattafan Aristotal, mutumin Girka. Niyuton ya karanta su, amma a ɗakinsa yana bin littattafan sababbin masana, irin su Galileo na Italiya, da Kepler na Jamus, da Descartes na Faransa. Ya koya wa kansa lissafi mai zurfi cikin ɗan lokaci kaɗan.

A 1665 annoba ta ɓarke a Landan, ta kashe mutane dubbai, aka rufe jami'a. Niyuton ya koma Woolsthorpe, ya yi yawancin shekara biyu a can. Cikin wannan zaman kaɗaici ya kafa tushen abu uku. Ya gano wata hanyar lissafi ta auna abin da yake canzawa a kowane lokaci, wadda ake kira kalkulas yanzu. Ya bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya ga farin haske ya rabu kashi kashi kamar bakan gizo, daga baya kuma ya nuna launukan nan suna cikin hasken tun asali. Na ukun shi ne tunaninsa a kan faɗuwar abubuwa.

Cikin tsufansa ya ba abokansa labari cewa faɗuwar tuffa daga itace a lambun gidansu ita ce ta tayar masa da tunanin. Kowa ya san abin da aka saki yakan faɗo ƙasa. Tambayar Niyuton ita ce, ina iyakar wannan jan? Yana kai ƙwanƙolin itace, yana kai kan dutse mai tsawo. Ko yana kaiwa har wata? Ya gwada lissafin, amsar ta zo kusa, ba ta zauna daidai ba, sai ya ajiye takardun. Shekara ashirin suka wuce kafin ya gama wannan aiki.

Malami Mai Gudun Gardama

Ya komo Kambirij a 1667. A 1669 malaminsa Ishaku Barrow ya sauka daga kujerar babban malamin lissafi, aka ba Niyuton, yana ɗan shekara 26. Ya ƙera madubin hangen nesa irin sabo, wanda yake tattara haske da madubi mai lanƙwasa, da hannunsa ya narka ƙarfen ya goge shi. Ƙungiyar Masana ta Sarki da ke Landan ta ga na'urar, ta yaba, ta shigar da shi cikinta a 1672.

Amma da ya aika musu da bayaninsa a kan haske, wani babban masani na ƙungiyar, Robert Hooke, ya yi sūka. Niyuton ba ya jimre sūka ko kaɗan. Ya yi fushi, ya ja jiki, ya daɗe ba ya son buga kome. Ya shiga nazarin haɗa ƙarafa da magunguna a tanderu, irin na masu neman juyar da darma ta zama zinariya, da nazarin Littafi Mai Tsarki da tarihin ekklesiya ta fari. A 1679 uwarsa ta kamu da zazzaɓi, ya tafi gida ya yi jiyyarta da kansa har ta rasu.

Zuwan Halley

A farkon 1684 masana uku suka zauna hira a Landan: Hooke, da Christopher Wren mai zanen gine-gine, da wani saurayi masanin taurari, Edmond Halley. Kepler ya riga ya nuna duniyoyin da ke kewaya rana ba sa bin da'ira sosai, hanyarsu ta ɗan miƙe kamar siffar ƙwai. Su ukun suna zaton rana ce take jansu, jan kuma yana raguwa bisa wata ƙa'ida in nisa ya ƙaru, amma babu wanda ya iya tabbatar da haka da lissafi.

A watan Agusta Halley ya tafi Kambirij ya tambayi Niyuton. Nan take ya ba shi amsa, ya ce ya taɓa lissafa wannan, amma da ya nemi takardar bai same ta ba. A watan Nuwamba ya aika masa da sabon lissafi mai shafi tara. Halley ya ga girman abin, ya dinga matsa masa ya faɗaɗa shi. Niyuton ya dukufa fiye da shekara biyu. Magatakardansa ya ba da labari cewa sau da yawa yakan manta da abinci har ya huce, ba ya kwanciya sai dare ya raba.

Sau biyu littafin ya kusa lalacewa. Ƙungiyar Masana ta kashe kuɗinta wajen buga wani littafi a kan kifaye wanda bai sami kasuwa ba, saboda haka Halley ya biya kuɗin bugun daga aljihunsa, shi kuwa ba mai arziki ba ne sosai a lokacin. Sa'an nan Hooke ya ce daga wurinsa Niyuton ya ɗauki tunanin. Niyuton ya husata, ya ce zai janye kashi na uku na littafin, wanda a cikinsa ne bayanin sammai yake. Halley ya yi ta lallashinsa da wasiƙu har ya sauko. A watan Yuli, 1687, littafin ya fito da harshen Latin. Ana kiransa Principia a taƙaice, wato tushen ƙa'idodi.

Nauyi da Yawan Jiki

Abin da ya fara bayyanawa a shafin fari shi ne yawan jiki, wato yawan abin da aka yi abu da shi. Masana suna ce masa mas. Mai karatu ya lura da wannan da kyau, gama a kansa aka gina sauran littafin duka.

Akwai abu uku da mutane sukan gauraya. Na fari girma ne, wato wurin da abu ya cika, shi mudu yake aunawa. Mudun auduga da mudun yashi girmansu ɗaya, amma abin da ke cikin mudun yashi ya fi yawa nesa, gama yashi a matse yake. In ka danna audugar buhu guda har ta koma rabin buhu, girmanta ya ragu, audugar kuwa tana nan yadda take. Niyuton ya ce yawan jiki yana fitowa daga abu biyu tare, girman abu da matsewarsa. Wannan shi ne na biyu. Na ukun nauyi ne, wato ƙarfin da duniya take jan abu da shi zuwa ƙasa.

Me ya sa za a raba nauyi da yawan jiki? Domin nauyi yakan canza in an canza wuri, yawan jiki kuwa ba ya canzawa. A 1672 wani Bafaranshe, Jean Richer, ya kai agogo mai lilo daga Faris zuwa Cayenne, a Amurka ta Kudu, kusa da layin da ya raba duniya biyu. Agogon ya dinga jinkiri wajen minti biyu da rabi kowace rana. Ba abin da ya ragu a jikin lilon. Niyuton ya bayyana cewa jan ƙasa ne ya fi rauni a can, domin duniya tana juyawa, ta kuma ɗan kumbura a tsakiyarta. Haka yake har yau. Buhun gyaɗa da aka rataya a sikeli mai sifirin a Kano, in aka kai shi Landan da sikelin nan ɗin, zai nuna ƙarin wajen kashi 3 cikin 1,000, ba a kuwa ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Amma a mizani mai kwano biyu ba za a ga bambanci ba, gama ƙarin jan ya sami kayan da ƙarfen awon baki ɗaya. A kan wata, nauyin buhun zai koma wajen kashi ɗaya cikin shida, gyaɗar kuwa za ta ba da mai kamar dā.

To, in ba ta wurin nauyi ba, ta ina ake sanin yawan jiki? Ana saninsa ta wurin ƙin motsi. Niyuton ya kafa ƙa'idodi uku na motsi. Ta fari: abin da yake tsaye zai zauna tsaye, abin da yake tafiya zai ci gaba sosai da saurinsa, sai in wani ƙarfi ya taɓa shi. Ta biyu: canjin motsi yana bin gwargwadon ƙarfin da aka sa. Mai tura amalanke ya san wannan a damtsensa. Amalanke wofi yakan tashi da ɗan turi, wanda aka cika da buhuna sai da nishi, in kuma ya ɗauki gudu tsayar da shi wuya ne. In yawan jiki ya ninka biyu, turi iri ɗaya zai ba da rabin ƙarin sauri ne kaɗai. Ko a sararin sama, inda abu yake shawagi kamar ba shi da nauyi, wannan ƙin motsi yana nan. Ta uku: in abu ya tura wani ko ya ja shi, wancan ma yana mayar masa da ƙarfi daidai wa daida.

Daga nan aka warware wata tsohuwar matsala. Galileo ya riga ya nuna babban dutse da ƙarami tare suke faɗuwa in iska ba ta hana ba. Dalilin shi ne, dutsen da ya fi wani yawan jiki sau goma, duniya tana jansa da ƙarfi sau goma, amma motsa shi ma ya fi wuya sau goma. Ɗaya ya share ɗaya, sai su iso ƙasa tare.

Niyuton bai bar wannan a kan zato ba. Ya yi akwatuna biyu na katako iri ɗaya, ya rataye kowanne da zare mai tsawon ƙafa 11. Ya zuba itace a ɗaya, ya sa zinariya mai nauyi daidai da shi a ɗayan, ya sake su suna lilo. Suka yi ta kai da kawowa tare. Ya sāke gwadawa da azurfa, da darma, da gilashi, da yashi, da gishiri, da ruwa, da alkama. Bai ga bambanci ba, gwajin kuwa yana iya nuna bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 ba. Ya tabbata ke nan, a wuri ɗaya nauyi yana bin yawan jiki sawu da sawu, ko da mene ne aka yi abin. Saboda wannan ne sikelin kasuwa yake amfani, ko da yake abin da mai saye yake biya shi ne yawan jiki.

Awon Sammai

Babbar ƙa'idarsa ita ce, kowane abu yana jan kowane abu. Ƙarfin jan yana ƙaruwa bisa ga yawan jikin su biyun, yana kuma raguwa da nisa. In nisa ya ninka biyu, jan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ya ninka uku, ya koma ɗaya cikin tara.

Ga yadda ya gwada ta a kan wata. Nisan wata daga tsakiyar duniya ya kai wajen sau 60 na nisanmu daga tsakiyar. 60 sau 60 ya zama 3,600, saboda haka jan duniya a can ya kamata ya zama kashi ɗaya cikin 3,600 na wanda muke ji. Dutse a nan yakan faɗi wajen ƙafa 16 cikin daƙiƙa ta fari. In ƙa'idar gaskiya ce, wata zai karkace daga miƙaƙƙiyar hanya, ya faɗo wajen duniya ƙafa 16 ɗin nan cikin minti guda. Da ya yi aiki da sabon awon girman duniya wanda Jean Picard ya yi a Faransa, lissafin ya zauna daidai. Ashe wata faɗuwa yake yi kullum, sai dai gudunsa na gefe ya hana shi isowa.

Da wannan ƙa'ida ya auna abin da hannu ba ya kaiwa. Ya dubi saurin watannin da ke kewaya Mushtari da nisansu, ya lissafa rana ta fi Mushtari yawan jiki sau 1,067. Awon zamaninmu ya ce wajen sau 1,047. A kan duniyarmu lissafinsa ya kauce ƙwarai, domin ba a san nisan rana daidai ba a lokacin. Yanzu an san rana ta fi duniya wajen sau 333,000, duniya kuma ta fi wata sau 81. Ya ƙiyasta matsewar duniya ta fi ta ruwa sau biyar zuwa shida. A 1798 Henry Cavendish ya auna jan da ke tsakanin dunƙulen darma a cikin ɗaki, ya sami kusan biyar da rabi. Niyuton ya kuma bayyana cikar teku da janyewarta ta wurin jan wata da rana.

Bayan mutuwarsa shaidu suka yi ta zuwa. Masanan Faransa da suka tafi Lapland a 1736 sun tarar duniya ta ɗan baje a wajen ƙuryar arewa, kamar yadda ya faɗa. Halley ya lissafa cewa wani tauraro mai wutsiya zai komo wajen 1758, aka kuwa gan shi a ƙarshen shekarar. A 1846 aka gano duniyar Naftun a inda lissafi ya nuna, domin an lura wani abu mai yawan jiki yana jan Uranus daga hanyarta.

Abu ɗaya Niyuton ya ƙi yi, wato ya faɗi dalilin jan kansa. Ya nuna yadda yake aiki, ya ce ba zai ƙaga bayani a kan abin da gwaji bai nuna masa ba.

Gidan Buga Kuɗi

A 1687 ya tsaya tare da jami'arsa sa'ad da Sarki Yakubu na Biyu ya nemi tilasta mata ta karya dokokinta, a 1689 kuma aka zaɓe shi wakilinta a Majalisar Dokoki. A 1693 ya yi wata rashin lafiya, barci ya ƙaurace masa, ya rubuta wa abokansa wasiƙu na zargi, daga baya ya nemi gafararsu.

A 1696 aka ba shi aikin lura da Gidan Buga Kuɗi na Sarki a Landan, a 1699 ya zama shugabansa. Kuɗin Ingila sun lalace a lokacin. Mutane sukan yanke gefen tsabar azurfa su tara, har sule da yawa sun koma kusan rabin nauyinsu, jabu kuma ya cika kasuwa. Gwamnati ta shirya narke tsofaffin kuɗi duka a buga sababbi masu zane a gefe, domin a gane in an yanka. Waɗanda suka riƙe wannan muƙami a dā sukan karɓi albashi su bar wa waɗansu aikin. Niyuton ya shiga aikin da kansa, ya lura da kowane mataki, ya matsa a daidaita nauyin kowane tsaba. Ya bi sawun masu jabu har gidajen giya da kurkuku, ya yi wa mutum fiye da 100 tambayoyi. Babbansu, William Chaloner, an rataye shi a 1699, ko da yake ya rubuta wa Niyuton yana roƙon jinƙai. A 1717, bisa ga shawararsa, aka tsai da darajar tsabar zinariya da ake kira gini a kan sule 21.

Girma da Rauni

A 1703 aka zaɓe shi shugaban Ƙungiyar Masana, ya riƙe kujerar har mutuwarsa. A 1704 ya buga littafinsa a kan haske. A 1705 Sarauniya Anne ta ba shi sarautar Sa.

Girman nan bai kawar da zafin zuciyarsa ba. Wani masanin Jamus, Leibniz, ya gano kalkulas shi ma, ya kuma riga shi bugawa a 1684. Gardama ta tashi a kan wanda ya fara. A 1712 Ƙungiyar Masana ta fitar da hukunci wanda ya ba Niyuton gaskiya, ashe shi da kansa ya rubuta hukuncin a ɓoye. Masana tarihi sun yarda yanzu cewa Niyuton ya riga ganowa, amma kowannensu ya kai ga abin ta hanyar kansa. Ya kuma ƙuntata wa John Flamsteed, masanin taurari na sarki, har ya sa aka buga awonsa ba da yardarsa ba. Duk da haka mai kyauta ne ga danginsa da ga matasa masu neman ilimi.

A wajen addini, ya gaskata tsarin rana da duniyoyi aikin Mahalicci ne mai hikima da iko, ya kuwa rubuta haka a bugu na biyu na Principia a 1713. Abin da ya rubuta a kan Littafi Mai Tsarki yana da yawa ƙwarai, littafinsa a kan annabcin Daniyel da Ru'ya ta Yohanna ya fito a 1733. Amma a ɓoye bai karɓi koyarwar Triniti yadda ekklesiya take riƙe da ita ba. Da ya furta wannan a fili, da ya rasa aikinsa. Dokar kwalejinsa ta ce sai a naɗa shi ma'aikacin ekklesiya, ya yi shirin barin wurin, sai Sarki Charles na Biyu ya ɗauke wa kujerarsa wannan sharaɗi a 1675. Mutane kaɗan ne suka san asirin a zamaninsa. Ya fito sarai bayan da aka yi gwanjon takardunsa a Landan a 1936, yawancin na addinin suna Urushalima yanzu.

Bai taɓa yin aure ba. 'Yar ƙanwarsa, Catherine Barton, ita ta riƙe masa gida a Landan. Ya rasu a ran 20 ga Maris, 1727, bisa ga tsohon lissafi, bayan ya sha fama da ciwon tsakuwa a mafitsara. Aka binne shi a babbar majami'ar Westminster, inda ake binne sarakuna a lokacin, manyan ƙasar suka ɗauki makararsa.

Bayansa

Shekara ɗari biyu ƙa'idodinsa suka tsaya ba gyara. A 1905 Albat Ainstain ya nuna yawan jiki da ƙarfin aiki, irin zafi da haske, abu ɗaya ne mai fuska biyu, ɗan yawan jiki kaɗan yana daidai da ƙarfi mai ban tsoro. Ta haka rana take haskakawa. A 1915 ya kawo sabon bayani a kan jan, ya kuwa gina shi a kan abin nan da akwatunan Niyuton suka nuna, cewa kome da kome iri ɗaya yake faɗuwa. Inda gudu ya kusa na haske, ko jan ya yi tsanani ƙwarai, lissafin Ainstain ake bi. Wajen gina gada, da tuƙa jirgi, da harba kumbo, na Niyuton ya isa. A 1971 wani ɗan sama jannati na Amurka, David Scott, ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu, suka taɓa ƙasa tare.

Kilo da muke awo da shi ma'aunin yawan jiki ne. Daga 1889 wani dunƙulen ƙarfe da aka ajiye kusa da Faris shi ne uban kilo na duniya duka, sai a 2019 aka daina dogara gare shi, aka ɗaura kilo a kan wani adadi na halitta wanda ba ya canzawa. Ma'aunin ƙarfi kuwa, wanda da shi masana suke auna nauyi, tun 1948 aka sa masa sunan Niyuton. Guda ɗayansa ya kai nauyin abu mai giram 102, wato kamar ƙaramar tuffa.

Masu karatu, ku tuna da mutanen da suka tsaya a bayan wannan labari. Da malamin Grantham da kawun yaron sun yi shiru, da ya ƙare a makiyayi marar kirki. Da Halley bai buɗe aljihunsa ya kuma haƙura da fushin abokinsa ba, da littafin ya zauna cikin akwati tare da sauran takardu. Iyaye da malamai su duba da kyau, yaron da ya kāsa a gona wataƙila a wani wuri baiwarsa take.